Baba Bukar da Baki na Goma

Ina tsugune a bakin wani rami a Fagge, da hantsin Talata, ina leƙen yadda ruwa ke tafiya, sai na ga inuwar mutum ta tsaya a kaina. Da na ɗago, maƙwabcin Baba Bukar ne, telan da shagonsa ke jikin gidansu a Kwaciri, ya fito ko hula babu. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce Allah ya yi wa Baba rasuwa bayan an idar da sallar asuba, kuma ƙarfe sha ɗaya za a kai shi. Na ji bakina ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma kaina bai bi bakin ba. Na tambaye shi wane Baban, alhali kuwa Baba ɗaya ne ya haɗa ni da shi. Daga nan na ja murfin ramin na rufe, na sake buɗewa, na sake rufewa, har ma'aikatan da ke tare da ni suka ajiye kayan aiki suna kallona.

Gara in faɗi abin da ya ruɗa ni tun yanzu, don kada a ɗauka jimamin ɗalibi ne kawai da ya rasa malaminsa. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan babu abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ni ne na rubuta takardar da ta sa aka ɗauke shi daga aikin da ya tsufa a cikinsa, aka mayar da shi tsaron sito. Kullum ina cewa gobe zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, kullum kuma wata zuciyar tana ce mini ai ban yi laifi ba, a kan me zan durƙusa. Ina cikin wannan kai-kawo mutuwa ta riga ni zuwa gidansa. Ya tafi ban san ko ya yafe mini ba, kuma da wannan tambaya na shiga makokinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Bukar shi ne helima, wato shugaban leburori masu kula da tsohon bututun nan da ke kwashe ruwan dauɗa daga wasu layukan Sabon Gari, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ratsa gefen Fagge. Jama'a na wucewa ta kansa kullum ba su san da zamansa ba. Na yumɓu ne, an binne shi tun kafin a haife ni. Mahaifin Baba daga Borno fatauci ya kawo shi Kano, shi kuwa a Fagge aka yanke masa cibiya, amma har ya koma ga Allah in ransa ya ɓaci da Barbarci yake ƙunƙuni. Mu dai in mun ji ya juya harshe, sai kowa ya nemi abin yi. Ya kai shekarun barin aiki tuntuni, aka riƙe shi don babu wanda ya san layin nan kamar shi.

A hannunsa na fara, lebura ne ni, ban san hagu ba ban san dama ba. Darasin farko da ya koya mini shi ne zama. In an ɗaga murfin rami, ba mai sa ƙafa sai an dafa shayi an shanye, iskar ciki ta fita. Ranar da na yi azarɓaɓi na zura ƙafa, ya fizgo ni da wuyan riga har maɓalli ya tsinke, ya ce, "Rami ba a yi masa gaggawa, Lawan. Ai kowa zai shiga nasa." Sannan ya miƙo mini kofi.

Kafin ya taɓa kowane layi, sai ya bi gida-gida ya yi sallama, ya gaya wa masu gida cewa yau za a taɓa musu ruwa. In yana son sanin inda ruwan wani gida ke fita, bular wanki yake kwaɓawa ya zuba a makwarara, ya koma bakin rami ya zauna yana jiran shuɗi ya ɓullo. Ta haka ya haddace unguwa guda a kansa: gidan wane ta ina ya shigo, taku nawa ne daga rami zuwa bakinsa. Yana da farar riga da yake naɗewa a leda, ba ya shiga masallaci sai ya yi wanka da sabulu ya sa ta. Kuma ban taɓa ganin ya fara miƙa wa mutum hannu ba, ko a ranar salla. Na tambaye shi dalili wata rana, ya ce, "Sun san aikina. Kada in sa mutum ya tsaya yana zaɓi tsakanin jin kunyata da ƙyanƙyaminsa." Da dariya ya faɗa, ni kuwa abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Shi ya matsa mini in koma makaranta. Ya ce ƙarfi ƙarewa yake, kuma ya gaji da ganin masu takarda suna ba da umarni a kan ramin da ba su taɓa leƙawa ba, gara a samu nasa a cikinsu. Da na gama na dawo, aka ɗora ni a kansa. Ranar farko ya cire hula ya ce, "Injiniya, barka da zuwa," ma'aikata suka tuntsire da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar, in muna mu biyu ni Lawan ne, in da mutane ni Injiniya ne. Ban taɓa jin hassada a muryarsa ba. Wannan ma yana cikin abin da ya ɗaure mini kai daga baya.

Da soja suka koma bariki aka shiga mulkin farar hula, sai kowa ya samu bakin magana, koke-koke suka yi ta zuwa ofishinmu. Tsohon bututun ya tsattsage, ƙasa na zaftarewa a ciki, har wata rana ƙafar motar kaya da ta nufi kasuwar Singa ta nutse a tsakiyar titi. A tone layin gaba ɗaya kuwa ba zai yiwu ba, don shaguna ne a kai, kuma babu kansilan da zai yarda a rufe wa masu zaɓensa hanya wata da watanni. Sai aka ba wani kamfani kwangila, suka zo da dabarar da ba mu taɓa gani ba, wai a gyara bututu ba tare da an tone shi ba.

Ga yadda abin yake. Ana kawo wata doguwar aba mai kama da safa, an saƙa ta da zaren gilashi don ta yi ƙwari, an jiƙa ta sharkaf da wani ruwan roba mai wari. A ja ta cikin tsohon bututun daga wannan rami zuwa wancan, a hura mata iska har ta manne da bango, sannan a sakar mata tururi. Kafin yamma ta sandare, ta zama sabon bututu a cikin tsoho. Amma in ta manne, tana rufe duk bakunan ƙananan bututun da ke shigowa daga gidaje. Don haka kafin a sa ta sai an tura 'yar kyamara an ƙirga bakunan, an auna nisan kowanne. Bayan ta sandare a tura wata 'yar na'ura mai haƙora ta huda daidai wurin. In aka huda inda babu baki, an ɓata aikin, ƙasa za ta riƙa shiga. In aka tsallake baki ɗaya, gidan nan dauɗarsa tsakar gida za ta dawo masa.

Ranar da Baba ya fara ganin safar nan, ya murza ta da yatsu, ya sansana, ya yamutsa fuska, sannan ya ce ai telolin Fagge sun riga Turawa, wannan shafi ne irin wanda ake yi wa babbar riga daga ciki. Sunan ya bi ta, har injiniyan kamfanin ya koma cewa shafi. Ni a lokacin na ɗauka raini ne irin na tsohon hannu ga sabon abu. Yanzu in na tuna yadda ya riƙa tsayawa gaban allon kyamarar, baki buɗe, yana ganin cikin bututun da ya yi rayuwarsa yana lalube a duhu, ban san ko raini ne ko sha'awa ba.

Akwai kuma umarnin da ya zo tare da aikin. Duk bakin da ba ya cikin tsohuwar taswirar ofis, haɗin sata ne, a bar shi a toshe, a rubuta sunan gidan, a shafa masa jan fenti. Ni ne mai sa hannu a kan kowace takarda, da rantsuwar cewa abin da na rubuta shi ne abin da na sani.

Mun yi layi huɗu lafiya lau. Na biyar yana cikin Sabon Gari, kuma ya faɗo a tsakiyar bazara. Shafin nan ba ya son zafi. A cikin ƙanƙara ake kawo shi, in ta narke kafin a sa shi, zai daskare a bayan mota ya zama asara. Motar ta iso, ruwan ƙanƙara na ɗiga a ƙarƙashinta, an jera igiya, sai Baba ya matso kusa da ni.

"Lawan, bakin nan goma ne."

"Baba, tara kyamara ta gani, tara taswira ta nuna."

"Ruwa ba ya karanta taswira. Taku arba'in da biyu daga ramin nan, ta hagu, can ƙasa. Dauɗa ce ta lulluɓe shi. Ba ni rabin yini in kankare da sanda, ku gani da idonku."

Rabin yini kuwa ba mu da shi. Na tambaye shi na wane gida ne. Ya kau da kai. Na sake tambaya, da ƙarfi wannan karon, injiniyan kamfani na gefe yana duba agogo, ma'aikata sun zagaye mu. Sai ya ce a hankali, "To ku sa, amma in ya sandare ka huda inda na gaya maka. Abin da ba ka ji ba, ba za a rantsar da kai a kansa ba."

Ban gane ba, kuma ban tsaya in gane ba. Da na ja shi gefe, inda babu kunnen kowa, wataƙila da ya gaya mini. Wannan tunani bai zo mini ba sai da ya mutu. Abin da na gani a lokacin shi ne tsoho yana so ya nuna wa baƙi cewa ƙafarsa ta fi na'urarsu, yana so in huda sabon aiki a kan maganar baki. Na ce ba zan huda ba. Sai ya je ya zauna a kan murfin ramin, ya naɗe ƙafa. Muka yi kusan awa guda a haka, rana na dukanmu, ƙanƙara na narkewa, 'yan kallo na taruwa. A nan ne na faɗi maganar da har gobe nake ji a kunnena. Na ce, "Baba, zamanin auna hanya da ƙafa ya wuce. Tashi ka ba mu wuri."

Bai yi Barbarci ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki ledar farar rigarsa ya tafi. Muka sa shafi, ya sandare, muka huda tara. Da yamma na rubuta cewa helima ya tsayar da aiki ba tare da hujja ba. Na zaci jan kunne za a yi masa. Cikin mako guda aka mayar da shi sitonmu na Rijiyar Lemo, yana gadin tsofaffin murafe da igiyoyi.

Daga nan na zauna jiran gidan da zai cika da ruwa. Na ce in dai akwai baki na goma, kwana biyu ya yi yawa mai gidan zai zo yana ihu, don mutanen Sabon Gari ba sa haɗiye ƙorafi. Kwana biyu suka wuce, mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na riƙa bi ta layin ina baza hanci, ban ji komai ba, sai in ce a raina ashe babba ma yakan hango abin da babu. Amma daɗin bai taɓa zama daram ba. Na yi shekaru tare da mutumin nan, ban taɓa ganin ya faɗi taku ya kuskure ba, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. To in ba kuskure ba ne, ba ƙarya ba ce, mene ne? Na rasa wanda zan tambaya, domin wanda nake kai wa irin wannan tambayar shi ne na kora.

Sau uku aiki ya kai ni sito. Duk zuwan da na yi sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe." Ba Lawan, ba Injiniya. Na kasa gane ko gatse ne, ko ladabi ne, ko kuwa katanga ce ya gina. Na lura ya rame, tafin hannunsa ya tsattsage, yana tari mai nauyi, kuma da hantsi ma gyangyaɗi yake, shi da ba a taɓa kama shi da barci a bakin aiki ba. Na ce zaman banza ne ke cinsa. A zuwa na uku na buɗe baki zan yi magana, sai na tambaye shi ko akwai sauran igiya mai kauri. Ya ce akwai, ya ɗauko mini.

Ranar jana'iza na je, amma ban shiga cikin mutane ba. Duk ma'aikatanmu suna wurin, kuma kowa ya san abin da na yi. Na yi salla a sahun ƙarshe, a maƙabarta kuma na tsaya can baya, jikin wata darbejiya, inda ba na jin abin da ake faɗa. Na hango an ajiye makara a bakin kabari an ɗan jima ba a sa shi ba, na ce ko kabarin ne ya yi kaɗan ake gyarawa. Ana fara zuba ƙasa na sulale na fita.

A rana ta uku ina zaune a ƙarshen tabarma wurin zaman makoki, telan nan ya zo ya ce wata mata na nemana a waje. Dattijuwa ce Inyamura, ta lulluɓe kanta da gyale, ta riga ta shiga ta yi wa mata ta'aziyya. Ta ce ana kiranta Mama Obinna, tana da rumfar kayan gwangwani a Singa, gidanta kuwa yana kan layin nan na biyar. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Kai ne Lawan? Baki na goma nawa ne."

Mijinta mai gyaran famfo ne, abokin Baba tun suna samari. Bayan ya mutu, wata damina ramin dauɗar gidan ya rufta, ga 'yan haya cike da gida. Ta nemi izinin haɗawa da babban bututu, takardar ta yi shekaru tana barci a ofis zamanin soja. Wata Lahadi suna coci, Baba ya zo da diga da guntun bututu, kafin su dawo ya haɗa ya binne, ko ruwan gidan bai sha ba. Ranar da muka toshe bakin, da la'asar ya je ya haƙa ɗan rami a bayan gida inda ruwan zai taru. Tun daga ranar, kullum in ya fito daga sallar asuba, sai ya tako daga Kwaciri, ya kwashe ramin cikin jarkoki, ya tura kura zuwa ramin ƙarshen layi ya juye, ya yi sahu uku ko huɗu, ya yi wanka, sannan ya kama hanyar Rijiyar Lemo. Ta ce ta roƙe shi ya bar 'yan haya su yi, ya ce duk wanda aka gani yana ɗaga murfin hukuma kama shi za a yi, shi kuwa an saba ganinsa da rami.

Na tambaye ta me ya hana ta zuwa wurina tun farko. Ta ce shi ya hana. Na ce saboda me?

"Na tambaye shi nima. Na ce, Baba, tsoro kake yaron ya kai ni ƙara, ko tsoro kake a kore shi in an ga ya yi kuskure? Dariya kawai ya yi, ya ɗauki jarka. Yau kwana uku ba wanda ya zo, ɗana. Ramin ya cika, ga hadari na haɗuwa."

Na bi ta na gani. Ruwa ya fara malalowa zuwa ƙofar ɗakunan haya. Kurar na jingine da bango, takalman robarsa na bayan ƙofa, an kifa su yadda yake kifawa don kada kunama ta shiga. Na tsaya ina kallonsu na rasa abin da zan ji. Wa yake karewa? Matar abokinsa, kada a shafa wa gidanta jan fenti? Sunansa, kada a ce helima ne ya yi haɗin sata? Ko ni, da na sa hannu a kan tara? In ni yake karewa, me ya sa ya bar ni ina yawo da girman kai wata biyu? In kuwa tsorona yake ji, to wane irin mutum ya ga na zama? Akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi. Likita ya ce ƙirji ne, kuma na sani kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma dattijo mai tari ya yi wata biyu yana sunkuyawa a kan wannan ruwa kowace safiya, kuma ni na toshe bakin. Malamai sun ce mini kada in shiga hurumin Allah. Na ji, amma zuciyata ba ta ji ba tukuna.

Washegari na tara ma'aikata, na auna da ƙafata daga bakin rami. Ƙafata ta fi tasa tsawo, don haka na rage taku yadda yake tafiya. Muka haƙa ta gefen gidan, muka tarar da guntun bututunsa daidai wurin, haɗin tsaf kamar jiya aka yi. Muka huda, ruwa ya wuce. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na rubuta wa ofis cewa akwai baki na goma, cewa an gaya mini na ƙi ji, cewa takardata ta farko zalunci ce, kuma ina roƙon a shigar da gidan cikin taswira tun da takardar neman izininsa tana nan a ofis. Har yau da nake wannan rubutu ba a ba ni amsa ba. Ban san ko gidan zai tsira ba, ban san ko kujerata za ta tsira ba. Na nemi izinin Mama Obinna da na iyalan Baba kafin in bayyana wannan, suka ce in faɗa.

Sai ranar bakwai na iya shiga cikin gida wurin Inna Falmata, matarsa, wadda na ci tuwonta ba adadi lokacin ina lebura. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, da carbi a hannu. Na durƙusa, na yi mata ta'aziyya, na fara kame-kame. Na zo ne in tambaye ta ko Baba ya taɓa ambatona da wata magana, mai daɗi ko mara daɗi, amma ta riga ni.

"Lawan, ina ka shiga ranar jana'iza?"

"Ina nan, Inna. Ina baya."

"An neme ka. Malam ya bar wasiyya kai za ka shiga kabari ka karɓe shi. Ya ce kai ka iya rami, ba za ka yi masa gaggawa ba. An ce mini sun ajiye shi suna ta waige, da ba a gan ka ba ƙaninsa ya shiga."

Sai wata dabara ta zo mini, irin ta mai neman mafaka. Na ce a raina wataƙila tsohuwar magana ce, tun muna shiri ya faɗa, bai samu damar janyewa ba. Na ce, "Inna, yaushe ya faɗi haka?"

Ta ɗan yi tunani, tana jan carbi.

"Ranar da aka kawo masa takardar komawa sito. Ya dawo bai ci abinci ba, ya kira ƙaninsa ya gaya masa a gabana."

Na kifa kaina a kan tabarmar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na shigo da tsoron ya tafi yana fushi da ni. Ashe a ranar da na fi cutar da shi ya zaɓe ni in zama hannu na ƙarshe da zai riƙe shi, ni kuwa ina laɓe a bayan bishiya ina jin kunyar mutane. Inna ta bar ni har na gaji, sannan ta ce in tashi in wanke fuska, in yi masa addu'a, ita ce yake bukata yanzu.

To, ya Allah, ga bawanka Bukar ya zo gare ka. Ya yi rayuwarsa yana kawar da ƙazanta daga ƙofofin bayinka, bai tambayi addinin mai gida ba. Ka wanke shi daga zunubansa, ka yafe masa kurakuransa na sarari da na ɓoye, ka karɓi kyawawan ayyukansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci, ka tabbatar da harshensa wurin tambaya, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Falmata da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu, ka rufa musu asiri kamar yadda ya rufa wa wasu. Ka tsare gidan da ya mutu yana tsarewa. Ni kuma da aka kira ban amsa ba, ka gafarta mini, ka ba ni ikon tsaya wa iyalinsa muddin ina numfashi. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.